Jarumar da hancinta ya ɗauke: abin da finafinai ke nunawa da abin da ke faruwa a zahiri

Tambayar ta fito ne daga wani marubucin labarin fim. Yana rubuta labarin wata mai sayar da abinci da ta daina jin ƙamshi da wari bayan haɗarin mota, yana so ya san yadda finafinan waje suka nuna irin wannan larura, ko abin da suka nuna haka yake, da kuma yadda za a ɗauki abin da ido ba ya gani a kyamara.

Malam marubuci, finafinan da suka taɓo wannan larura ba su da yawa, kuma yawancinsu ba larurar ce a gabansu ba. Aronta suke yi su yi ishara da ita ga wani abu daban, ko baƙin ciki, ko tsufa, ko kuma kawai a yi dariya. Shi ya sa ba su damu da yadda take zuwa da yadda take tafiya ba. In ka kwaikwaye su kai tsaye za ka gaji kurakuransu, alhali gaskiyar larurar ta fi abin da suka ƙirƙira daɗin kallo.

Sai ka fara sanin yadda hancin ke aiki, domin duk wata fitowa da za ka rubuta a kan wannan ta dogara. Can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai ɗan fili da bai wuce santimita kaɗan ba, cike da ƙwayoyin jijiya masu kama ƙamshi. Ɗan adam yana da kusan nau'i 400 na waɗannan makamai, kuma gano su ne ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Daga wannan fili wasu siraran zare ke ratsa wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya su shiga ƙasan ƙwaƙwalwa. Ƙamshi yana isa filin ta hanya biyu: ta ƙofar hanci idan an shaƙa, da kuma ta bayan maƙogwaro idan ana tauna abinci. Hanya ta biyun ita ce mutane suka fi mantawa, kuma ita ce ke ba abinci yawancin abin da muke kira daɗinsa.

Shi harshe aikinsa daban, jijiyoyinsa ma daban. Abu biyar yake ganewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da ɗanɗanon nan na romo da daddawa da dunƙulen miya wanda Japanawa suka raɗa wa umami. Bayan hanci da harshe akwai kuma hanya ta uku, jijiya ta biyar daga cikin jijiyoyin kai 12, wadda ke ɗauko zafin barkono da citta, sanyin man zafi da na'a-na'a, cizon lemon kwalba, da yajin albasa a ido. Wanda hancinsa ya ɗauke, wato anosmiya a bakin likitoci, jin ƙamshi kawai ya rasa, ta ƙofar hanci da ta bayan maƙogwaro duka. Harshe da jijiya ta biyar suna nan daram.

A nan ne finafinai suka fi tuntuɓe. A Eat Drink Man Woman na Ang Lee, wanda ya fito a 1994, tsohon kuku na birnin Taipei ya rasa ɗanɗano, har sai abokin aikinsa ya ɗanɗana masa miya ya karanci fuskarsa. Da aka sake labarin a Amurka a 2001 da sunan Tortilla Soup, sai aka ce kukun ya rasa ƙamshi da ɗanɗano duka tun rasuwar matarsa. A dukansu biyu abin yana dawowa a ƙarshen fim, a cokali guda na girkin 'yarsa, daidai lokacin da zuciyarsa ta huce. Finafinai ne masu kyau, ba a kushe su ba, amma larurar a cikinsu ta zuciya ce, ba ta jiki ba. A asibiti, mafi yawan masu zuwa da kukan "ba na jin ɗanɗanon komai", idan aka ɗiga musu ruwan sukari ko na gishiri a harshe suna ganewa nan take. Hancinsu ne ya tafi. Rasa ɗanɗanon harshe gaba ɗaya abu ne da ba a cika gani ba, saboda jijiyoyi uku ne ke raba aikin a kowane ɓangare, da wuya a ce duk sun lalace lokaci guda.

Walk Hard na 2007 kuwa barkwanci ne zalla. Yaro ya kashe ɗan'uwansa da adda bisa kuskure, firgicin ya ɗauke masa jin ƙamshi, kuma duk abin shaguɓe ne ga finafinan tarihin mawaƙa da ke fara wa da makanta ko wani bala'in yarinta. Dariyar ta ginu ne a kan zaton cewa rasa hanci ba wata asara ba ce. Wannan zato shi ne abin da masu larurar suka fi kuka da shi, domin ko a gida amsar da suke samu ita ce "to ai ka huta da wari".

Wanda ya fi kusa da gaskiya ta wani fannin shi ne Perfect Sense na David Mackenzie, 2011, da aka ɗauka a Gilasgo ta Sikotilan, inda Ewan McGregor ya fito a kuku, Eva Green kuma a mai binciken annoba. Wata cuta ce ke bin duniya tana ɗauke gaɓoɓin ji ɗaya bayan ɗaya, kuma hanci ne farko. Fim ɗin ya raba ƙamshi da ɗanɗano, ya sa su tafi a lokuta daban, wanda daidai ne. Ya kuma nuna gidan abincin yana ƙara yaji da gishiri da zaƙi da tsami bayan hanci ya tafi, wanda shi ne ainihin abin da masu larurar ke yi a kicin ɗinsu. Inda ya bar hanya shi ne kukan baƙin ciki da ke kama mutum kafin hancin ya ɗauke. A zahiri juye yake: abin yana tafiya shiru, damuwar sai daga baya, bayan makonni ana cin abinci salam. Mutane sun koma kallon wannan fim a 2020, lokacin da ɗaukewar ƙamshi ta zama ɗaya daga cikin alamomin korona da aka fi sani. Akwai kuma Les Parfums na Faransa, da ya shiga sinima a 2020, labarin wata ƙwararriyar mai haɗa turare da hancinta ya taɓa ɗaukewa har sana'arta ta durƙushe. Abin koyi a cikinsa shi ne fargabar mai sana'a: wanda abincinsa ke hancinsa ɓoyewa yake yi.

Can baya an gwada kai ƙamshin kansa cikin sinima. A 1960 an haska Scent of Mystery da bututun fesa ƙamshi a jikin kujeru, a 1981 kuma John Waters ya raba wa masu kallon Polyester kati mai lamba 10 da ake kankarewa a sansana. Babu wanda ya ɗore. Ƙamshi ba ya ɗaukewa daga ɗaki da saurin da hoto ke canjawa.

Yanzu ga jarumarka. Tunda haɗarin mota ka zaɓa, ka zaɓi sanadi mafi tsanani. Idan kai ya bugu, musamman ƙeya, ƙwaƙwalwa tana girgiza a cikin ƙoƙo ta fizge zaren nan da ke ratsa ƙashin, su tsinke. Ba sai hanci ya karye ba, ba sai an ga jini a fuska ba, bugun ƙeya a kan kwalta ya isa. Kuma ba a gadon asibiti take ganewa ba. Tana fama da ciwon kai da jiri da ɗinki, abincin asibiti kuma kowa ya san ba a tsammanin daɗi a cikinsa. Sai ta koma gida, bayan kwanaki ko makonni, ta ɗora tukunya. Saboda haka kada ka rubuta fitowar da ta farfaɗo ta ce "likita ba na jin ƙamshi". Ka bar mai kallo ya riga ta sani.

Wannan ita ce babbar dabarar ɗauka. Kyamara ba ta ɗaukar ƙamshi, balle rashinsa, amma tana ɗaukar mutum biyu a hoto ɗaya, ɗaya ya yamutsa fuska ɗaya bai yi ba. A ajiye jarumar a gaba tana yanka alayyafo, hankalinta kwance, a bayanta tukunyar shinkafa ta fara kamu, hoton bayan a ɗan dusashe. Babu hayaƙi mai yawa tukuna, domin hayaƙi zai shiga idonta da maƙogwaronta ta juya, tunda jijiya ta biyar lafiyarta lau. Ƙauri ne kawai, wanda ba a gani. Sai yarinyar da ke taya ta aiki ta shigo daga waje, ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta ce "Inna, ba ki ji ƙauri ba?" Kyamara ta tsaya a fuskar Inna daƙiƙa uku ko huɗu ba magana. Wannan ya fi duk wani bayanin likita.

Amma fitowar ba za ta yi aiki ba sai ka shuka tun farkon fim cewa matar nan da hanci take girki. A nuna ta kafin haɗari tana gane man gyaɗa ya yi zafi ba tare da ta duba ba, tana ɗaga kifi a kasuwa ta kai hanci ta mayar wa mai shi, tana cewa an rage daddawa tun daga zaure. Sau biyu ko uku ya isa. In ba a ga abin yana nan ba, ba za a ji tafiyarsa ba.

Bayan ta fara zargi, abin da mutane ke yi a zahiri shi ne bin gida suna sansanar komai, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Sabulu, ba komai. Kwalbar turare, ba komai sai ɗan yaji a hanci in mai sifirit ne. Kanumfari, daddawa, ba komai. Sai ta buɗe man zafi ta shaƙa ta ji sanyi ya ratsa, ta yi murna ta zaci ya dawo, alhali jijiya ta biyar ce ta amsa. Wannan ruɗin yana faruwa sosai, kuma fitowa ce da ba ta buƙatar kalma ko ɗaya. A kiyaye kuskuren da ake yawan yi na sa jaruma ta tauna attaruhu ba ta ji komai ba, ko ta yanka albasa ba hawaye. Za ta ji zafin, za ta yi hawayen, za ta yi atishawa in an daka yaji.

Ga yadda jarumar da za ta hau matsayin za ta gwada abin a jikinta kafin a je wurin ɗauka. A haɗa zoɓo da abarba da citta da kanumfari. Ta toshe hanci da yatsu sosai tun kafin kofin ya iso bakinta, ta kurɓa, ta riƙe a baki daƙiƙa 5, ta haɗiye hancin na toshe. Za ta ji tsami, zaƙi, sanyi da zafin citta. Abarba ba za ta bayyana ba. Sai ta saki hanci ta fitar da numfashi ta cikinsa, nan take abarba da kanumfari za su cika mata kai. Ta maimaita da tsire da miyar kuka. A miyar za ta tarar da yauƙi da gishiri da yaji da nauyin romo, amma ba za ta iya cewa kuka ce ko kuɓewa busasshiya ba sai da ido. Fuskar da za ta yi a wannan gwaji ita ake so a fim: ba ƙyama ba, neman abu ne da ba a samu ba.

Daga nan girkinta zai canja, kuma ta hanyar da za a iya hasashe. Gishirinta zai zauna daidai ko ya ɗan haura, domin tana jin sa. Yaji zai ƙaru. Abin da zai rikice shi ne kayan ƙamshi: daddawa, kimba, masoro, tafarnuwa, man shanu. Ko ta zuba da yawa tana neman ta ji, ko ta koma aunawa da cokali da murfin kwalba bisa abin da ta tuna. Masu ciniki za su ce abincin ya canja amma ba za su iya faɗin me ya canja ba. Ita kanta za ta koma son abu mai ƙaras-ƙaras da gurus-gurus, ƙanzo, soyayyiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, da haɗa zafi da sanyi. Ben Cohen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin askirim na Ben & Jerry's a Amurka, ba ya jin ƙamshi sosai, kuma dalilin da ya sa askirim ɗinsu ke cike da manyan gutsattsari ke nan. Wasu masu larurar suna ramewa don abinci ya fita ransu, wasu suna ƙiba don sun koma ga sukari da maiƙo. Kowanne ka zaɓa daidai ne.

Haɗarin da ya fi girma a sana'arta biyu ne. Na farko gas ɗin girki. Shi kansa ba shi da wani wari, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi, makaftan, don a gane in yana tsiyaya, kuma wannan kariya ba ta da amfani gare ta. Abin da ake koya wa irinsu shi ne a shafa ruwan kumfar sabulu a bakin tukunyar gas da mahaɗar tiyo a ga ko zai yi ƙwai, a rufe daga tukunya bayan kowane girki, a sa na'urar da ke ƙara in gas ko hayaƙi ya taru. Na biyu ruɓaɓɓen abinci. Nono ko kunun da ya yi tsami harshe zai kama, amma nama ko kifin da ya fara juyawa sai ido da taɓi, ko hancin wani. Za ta koma rubuta kwanan wata a jikin roba, ta kuma dogara da yarinyar nan, wanda ga mace mai ji da hannunta ba ƙaramin abu ba ne. Abu ɗaya da za ka guje wa: kada ka ce da hancinta na aiki da ta tsira daga gubar hayaƙin janareto. Iskar da ke kisa a cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da wari ga kowa, kuma yawanci a barci take ɗaukar mutane.

Sai ɓangaren cikin gida, wanda finafinan waje kusan duk suka tsallake, kuma a labarin Hausa shi ne ya fi nama. Mace da ba ta san ko jikinta na wari ba za ta yi ta wanka, ta yi ta canja kaya, ta zuba humra fiye da ƙima har a fara yi mata gori. Ta kunna turaren wuta tana kallon hayaƙin kawai. Mai goyo sai ta leƙa kunzugu da ido. In ka juya labarin ya zama mijin ne mai larurar yana ɓoyewa, matar da ta ɓata yamma guda tana turara ɗaki bai ce uffan ba za ta fassara shirun da wani abu daban, kuma ga rikici ya samu ba tare da an ƙirƙiro kishiya ba.

Fitowar asibiti a yi ta daidai. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ake gani, irin waɗanda ke Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da asibitocin koyarwa, kuma yana da kyau ɗayansu ya duba maka rubutun. Zai tambayi yadda abin ya fara, ya zura siririyar kyamara ya duba ko akwai tsiro ko kumburi da ya tare hanya, ya gwada kowace ƙofar hanci ita kaɗai ido a rufe, sannan ya nemi hoton kai. Gwajin da aka sani a duniya biyu ne: wani na Jami'ar Pennsylvania mai ƙamshi 40 da ake kankarewa, kowanne da zaɓi 4, da wani na Jamus mai kama da alƙaluma da ake buɗewa a sansana. A na farkon, wanda ba ya jin komai yana cankar kusan 10 daidai ta hanyar sa'a kawai. Wanda ya ci 2 ko 3 ana zarginsa da gangan yake kauce wa amsa, wato yana ji. In labarinka yana da shari'ar diyya bayan haɗari, ga makami nan.

Batun warkewa shi ne inda za ka yanke shawara. Ƙwayoyin jijiyar hanci suna sake tsirowa, abin da yawancin jijiyoyi ba sa yi, amma bayan bugun kai sai sabon zaren ya sake samun hujin ƙashin, kuma tabo yakan toshe shi. Kaɗan ne ke warkewa sarai. Wasu suna samun wani kaso cikin shekara ɗaya ko biyu, da yawa ba sa samu. In kuma zai dawo, ba ya dawowa da fure da kiɗa. Sau da yawa yana dawowa a karkace, abin da ake kira farosmiya: soyayyen nama, albasa, tafarnuwa, ƙwai, kofi da man goge baki su riƙa yi mata warin kwata ko ƙonanniyar roba. Ga mai sayar da abinci wannan ya fi shirun farko azaba, domin yanzu kicin ɗin kansa ke sa ta amai, sai ta koma cin abu mai sanyi marar ƙamshi, farar shinkafa da kindirmo. Wasu kuma suna jin ƙaurin hayaƙi inda babu wuta, su tashi cikin dare suna duba gida. Likitoci suna ɗaukar karkacewar a matsayin alamar jijiya na ƙoƙarin haɗuwa, don haka labari mai daɗi ne da ya zo da mummunar kama. Fim ɗin da ya nuna warkewa bayan bugun kai ba tare da wannan mataki ba ya yi tsalle.

Maganin da aka fi ba da shawara shi ne horar da hanci, wanda Thomas Hummel da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus suka wallafa a 2009. Ƙamshi 4 ake amfani da su: fure wardi, lemun tsami, kanumfari da man bishiyar turare. A ɗiga kowanne a auduga cikin 'yar kwalba mai murfi, a shaƙa a hankali kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 ana tuno yadda yake a da, a huta kaɗan a ɗauki na gaba, safe da yamma, aƙalla mako 12, yawanci ma fiye. Shaƙa da ƙarfi ba ya ƙara komai. Ya fi aiki ga waɗanda mura ko korona ta ɗauke wa hanci fiye da masu bugun kai. A fim, kwalabe huɗun nan a kan taga sun isa su nuna wucewar watanni: tufafinta na canjawa, damina ta shige hunturu ya shigo, audugar na bushewa ana sabuntawa.

In kuwa dole sai ƙarshen fim ɗinka ya zo da dawowar ƙamshi farat ɗaya, to ka canja sanadin. Cire haɗarin mota ka sa tsiron cikin hanci da kumburin kogunan fuska. A wannan yanayi jijiyar lafiyarta ƙalau, hanya ce ta toshe. Irin wannan mai larura hancinta na toshe kullum, tana numfashi ta baki, ƙamshi yana ɗan leƙowa wani lokaci ya koma. Idan likita ya ba ta gajeren zango na maganin kumburi na sitiroyid, ko aka yi mata aikin cire tsiron, ƙamshi na iya dawowa cikin kwanaki, wani lokaci tana tsakiyar girki. Sai dai tsiron yana da halin sake fitowa, kuma maganin ba na sha kullum ba ne saboda yana tayar da sukari da hawan jini, don haka za ta ci gaba da feshin hanci da wanke shi da ruwan gishiri bayan an sallame ta.